Masu Juya wa Gada Baya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya rarraba wa bayinsa harsuna da launuka, amma ya dasa musu zuciya iri ɗaya a ƙirji. Bayan haka, ya ku mazauna wannan zaure, ni ne Tunau ɗan Nomau, jikan masu tufkar igiya. Na taka ƙasar da rana ke fitowa daga cikin ruwa, na ci tuwon da ban san sunan hatsinsa ba, na sauka a garin da ake gaida saniya kafin a gaida sarki. Kun ce in ba ku labarin da ya fi zama mini a rai, ba wanda ya fi daɗi ba. To ku gyara zama.

Ban fita ni kaɗai ba. Tare muka bar gida da Barmo, ɗan gwaggona, taubashina, mutumin da tun muna yawo ba wando bai taɓa kirana da sunana ba. In bai ce "bawana" ba ya ce "mai ƙafar agwagwa", ni kuwa in mayar masa da "tulu", saboda cikinsa kan riga shi shiga ko'ina. Wani bafatake ne ya hure mana kunne. Ya ce can gabas da gabas akwai ƙasa mai suna Manikara, inda yakutu, dutsen nan mai daraja, ke zube a bakin rafi, yara na jifan tsuntsu da shi. Ni na gaji da murza rama a cinya, Barmo kuwa bai taɓa gajiya ba don bai taɓa yin komai ba. Muka ɗaura ɗamara, iyaye suka sa mana albarka ba da son ransu ba.

Ba zan cika ku da abin da muka gani a hanya ba, don in na fara sai tuwo ya huce. Ayari ya kai mu bakin teku, jirgi ya kai mu wata gaɓa, damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Labarin mesa ne dai ba zan tsallake ba.

A mashigin duwatsun gabas akwai wata mesa da ta tsufa har ciyawa ta tsiro mata a gadon baya. Ta kwanta ta tare hanya, sai ɗan tsukin da mutum zai raɓa ta gefen bakinta. Jagoran da muka ɗauka ya tsaya daga nesa ya ce mana makauniya ce, kurma ce, warin tsoro kawai take shinshina, duk wanda ya raɓe ta gabansa na faɗuwa ya zama kalaci. Yana faɗin haka ya juya, ko sallama bai tsaya yi ba.

Muka yi cirko-cirko. Sai Barmo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai bawana, wuce gaba. In ta haɗiye ka ƙafar nan taka za ta maƙale mata a wuya, in samu in wuce."

Na ce, "Tulu, ai kai za ta so. Wa zai bar kitse ya ci ƙashi?"

Ya ce, "Kitsen gidanku ne, hatsin kawu na ci."

Na ce, "Shi ya sa rumbunmu bai taɓa ganin bazara ba."

Haka muka yi ta yi, yana jifa ina ramawa, muna tafe muna dariya har da riƙe ciki, har muka shige ta gaban hancinta. Ta ɗaga kai ta shaƙi iska, ba ta ji komai ba sai warin matafiya biyu marasa wanka, ta mayar da kai. Sai da muka yi nisa Barmo ya zube ƙasa, ya kasa ko riƙe gora. Ranar na gane abin da ban gane ba tun muna yara. Duk sa'ad da tsiyarsa ta yi yawa, to tsoro ne ya kama shi, kuma amsata ce yake dafawa ya tsaya da ƙafafunsa.

Bayan mashigin muka bi wata 'yar siririyar hanya muka hau dutsen da mutanen wurin ke kira Mai Numfashi, domin in ka ɗora tafin hannu a ƙasa za ka ji tana ɗagawa tana sauka a hankali. A kafaɗarsa akwai gari, sunansa Tamrabati. Mutanensa ba sa cin nama, suna ɗiga ja a goshi, suna gaisuwa da haɗa tafin hannu a ƙirji, in mutum ya mutu kuma ƙone shi ake yi a zuba tokar a ruwa. Safe da yamma suna kunna fitilar man shanu a gaban gumakansu. Ni da Barmo muka nemi gefe muna sallarmu, ba wanda ya ce mana don me, har wata tsohuwa ta riƙa share mana wurin kafin mu zo. Muka zauna da su har harshensu ya zauna mana a baki.

A bayan garin dutsen ya tsage. Kwazazzabo ne wanda in ka jefa tsakuwa a ciki sai ka gaji da jira ba ka ji faɗuwarta ba, tsallakensa kuwa ita ce Manikara. A kansa akwai gada ta igiya, kuma ni da na buɗe ido cikin igiya ban taɓa ganin irinta ba. A can tsallake an ɗaure ta a gindin wata ƙatuwar bishiya. A wannan gefen ba a ɗaure take ba, don Mai Numfashi ba ya karɓar turke, ka kafa da safe, kafin azahar ya tofo shi. Saboda haka mutane ne ke riƙe da ita, ana karɓa-karɓa, tun kakannin kakanni ba a taɓa ajiye ta ba. Kowace igiya da mai riƙonta. Ya naɗa ta a ƙugu, ya kama da hannu biyu, ya juya wa kwazazzabon baya.

Ashe tsohuwar nan mai share mana wurin salla ita ce shugabar masu riƙo. Kaberi sunanta, 'yar firit, iska mai ƙarfi ma sai ta ɗauke ta. Da idona na gan ta riƙe da igiya giwa na hayewa da kaya niƙi-niƙi. Da ta sauka na ce, "Iya, ina kike ɓoye ƙarfin?"

Ta ce, "Ba ƙarfi take so ba, ɗana. Ciyawar da aka tufka ta da ita ba ta jin nauyin jiki, zuciyar mai riƙo take ji. In ka yi fushi ta ɗaure har ta nemi tsinkewa. In ka yi murna ta yi ta tsalle. In ka tsorata ta yi rawa, in baƙin ciki ya kama ka ta yi sako-sako. Igiya ɗaya kuwa in ta rikice, duk gadar ta ɗauka. Shi ya sa muke ba ta baya. In ka ga mai hayewa, ko kana sonsa, ko kana ƙinsa, ko kana jiran ya gode maka, kuma duk za ta ji."

Na ce, "To me ake biyan mai riƙo?"

Ta yi dariya har dasashinta ya fito. "Me ake biyan hancinka da yake shaƙar iska? Mu seba muke ce masa, aikin da ake miƙa wa Ubangiji yadda ake miƙa masa fure, ba a tsaya ganin abin da zai yi da shi ba. Ba a gaya maka wanda zai hau. Ba a yi maka magana, ba ka yi wa kowa. In ba sauran kowa a kan gada, na tsallake su kaɗa ƙararrawa. Iyakar abin da za ka sani ke nan."

Al'adarsu ce baƙo ba ya hayewa sai ya yi riƙo, kuma ba a yanka masa lokaci. Kaberi ta ce ranar da mutum ya manta da abin da ya kawo shi, ranar ya isa hayewa. Aka fara mu da awaki. Ni mai taƙama da gadon igiya, akuyar farko da ta hau ina riƙo sai da ta yi kuka kamar ana yanka ta, don hannuna na Tamrabati amma idon zuciyata na can bakin rafi yana tsintar yakutu. Barmo kuwa da ya samu gari mai nono da shinkafa da abokan hira, ya manta da Manikara sarai, igiyarsa ta kwanta luf. Ya ce mini, "Ka gani, bawana? Amfanin kai marar komai ke nan. Kai naka ya cika da wayo, shi ya sa yake rinjayarka." Abin ya ci mini rai, amma na dage. Na koyi kallon ƙasa da bin numfashina, har aka ɗaga ni daga awaki zuwa jakuna, daga jakuna zuwa mutane.

Wata rana da hantsi ina kan riƙo, iska na kaɗawa sama-sama, zuciyata kwance. Ban san Kaberi ta sallami Barmo ya haye ba, don ba a faɗa. Sai na ji Hausa daga bayana, a garin da ba mai jinta sai mu biyu.

"Kai bawana! Mai ƙafar agwagwa! Riƙe da kyau, ubangidanka ne ke wucewa!"

Daga tsakiyar kwazazzabo muryar ta fito, kuma ƙarshenta ya yi rawa. Na san wannan rawar. Amsa ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta. Na kafa ido a kan wata tururuwa da ke jan ƙwayar shinkafa a gabana.

"Ɗan kawu, ka kurumce ne? Ko yunwa ta cinye harshen?"

Na cije. Can sai ya ce, a sanyaye, kamar ba shi ba, "Tunau. Ka yi magana mana."

Jama'a, a garinmu wa ya taɓa jin taubashi ya yi jifa an bar ta ta faɗi ƙasa? Wa kuma zai ji ɗan'uwansa ya kira shi haka, ya ci gaba da kallon tururuwa? Na waiwaya.

Na hango shi can tsakiya, ɗan mitsitsi, ba komai a ƙarƙashinsa sai gajimare. Gabana ya yanke ya faɗi, igiya kuwa ta ji. Rawa ta tashi daga hannuna ta bi gadar kamar an kaɗa bulala. Barmo ya zube ya rungume igiyoyin ƙasa da hannu da ƙafa. Amma a bayansa akwai wani mutum da kwandon gishiri a ka, hannunsa ɗaya na tallafe da kwandon. Haridasa ne, mai dakon gishiri, wanda kullum in ya wuce ni a kasuwa sai ya haɗa hannu ya gaishe ni. Na ga ƙafarsa ta zame. Bai yi ihu ba. Gishirin ya watse fari fat a iska, ya daɗe yana sauka bayan shi ya ɓace.

Wani ɗan hannu mai sanyi ya rufe mini ido, ɗaya ya kama igiyar. Kaberi ce. Ta ce, "Juya." Na juya. Muka tsaya haka ni da ita har ƙararrawa ta kaɗa.

Na jira a kashe ni, ko a jefa ni inda na jefa shi, kuma wallahi da sun yi da na gode musu. Ba wanda ya taɓa ni, ba wanda ya zage ni. Mai nono ta ci gaba da zuba mini nono, har da gyara. Ban taɓa sanin rashin hukunci na da ciwo haka ba.

Haridasa ya bar mata ɗaya, Malati, da jariri a hannu. Su a wurinsu mamaci ba ya samun hanya sai an ƙone shi, ga shi babu gawa. Sai suka ɗaure ciyawa suka yi siffar mutum, Malati ta ɗora mata gammon da yake dako da shi, aka cinna wuta. Na tsaya daga nesa a bayan wata bishiya ina kallo. Ta goge jan goshinta, ta fasa awarwaronta a kan dutse, ta ɗaura farin zane. Da ta juyo idonta ya faɗa kaina. Ta gyara wa yaron kwanciya a kafaɗa ta wuce.

Barmo da rarrafe ya kai tsallake. Bayan 'yan kwanaki wani mai dako ya kawo mini saƙonsa, ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka gadar nan ba ko da za a ja shi da igiya a wuya, kuma yana gaishe ni. Na ce, "Shi ke nan abin da ya ce? Bai ce bawa ba? Bai ambaci agwagwa ba?" Mutumin ya ce a'a, gaisuwa ce kawai. Na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina goye.

Daga nan na ɗora wa kaina abin da ba wanda ya ɗora mini. Abinci sai abin da zai riƙe rai, shi ma lami, don duk lomar da na ji gishiri a cikinta sai ta dawo. Kullum da safe in saro itace in ɗebo ruwa in ajiye a ƙofar Malati, in koma gefe in laɓe. Ita kuwa ta fito ta tsallake su ta tafi rafi da tulunta. Itacen ya taru har ya kusa tare ƙofa, ruwan ya yi gansakuka. Kaberi ta mayar da ni kan awaki, amma ina kama igiya sai ta saki, gadar ta yi ciki, akuya ta durƙusa tana neman komowa. Aka karɓe daga hannuna.

Rannan Kaberi ta same ni a maɓoyata. Ta zauna kusa da ni tana tauna wani ganye nasu mai rina baki kamar goro. Ta ce, "Yaya kake sayar da itacen nan?"

Na ce, "Subhanallahi, Iya! Sayarwa? Ni da na kashe mata miji?"

Ta ce, "To me kake jira a nan? Wanda ya yi kyauta tafiya yake yi. Kai ka ajiye ka tsaya, kana jiran ta saka maka da yafiya. Ba ta da ita yanzu, ɗana. Kada ka ƙara mata kaya a kan takaba."

Maganar ta soke ni, na harzuƙa. Na ce, "To so kike in manta? In ci in sha in yi ƙiba kamar ban yi komai ba?"

"Wa ya ce ka manta? Ka yi, kuma abin da mutum ya yi zai cim masa, ko a wannan rayuwa ko a wata, ba sai ya zauna bakin hanya jiransa ba. Amma dubi kanka. Ranar nan waiwaye ɗaya ka yi, tun daga ranar kuwa ba ka juyo ba, har yau kwazazzabon kake kallo. Masu riƙo sun ragu da mutum ɗaya, wasu na yin naka a kan nasu, ƙugunsu duk ya saluɓe. Wannan ma ka sa shi cikin abin da kake wa kuka."

Na ce, "Abin ba ya fita, Iya. Na yi addu'a, na yi azumi, yana nan daram a ƙirjina."

"Kada ka kore shi. Shimfiɗa masa tabarma ya zauna, igiyar ce dai kada ka miƙa masa." Ta tofar da jan yawu. "Ina ganinka kana sallarka. In ka tsaya, kana leƙen mai wucewa?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To." Ta dafa kafaɗata ta miƙe ta tafi.

Ƙarya nake in na ce maganarta ta warkar da ni. Na ci gaba da kai itace, sai dai na daina laɓewa, in ajiye in tafi, ban san ko tana ɗauka ba. Na koma kan awaki. Wata rana igiya ta tsaya, wata rana ta saki. Ban kai ga jakuna ba Mai Numfashi ya farka.

Da rana tsaka ƙasa ta fara haki. Rijiyoyi suka tafasa, shanu suka tsinke, sai ƙololuwar dutsen ta buɗe ta shiga aman wuta da toka. Narkakken dutse ya gangaro ya nufo gari, yana lashe gonakin shinkafa. Hanyar da muka hawo ta cika ƙunci, ba ta ɗaukar tsofaffi da masu goyo da dabbobi. Ba mafita sai gada.

Garin duka ya taru a bakin kwazazzabo. Yawancin masu riƙo suna da 'ya'ya da iyayen da za su ɗauka, Kaberi ta sallame su, ta zaɓi waɗanda ba su da kowa, don wanda ya yi riƙon ƙarshe ba mai riƙe masa ya haye. Igiya ɗaya ta rasa mai kamawa. Ta dube ni.

Na ce, "Iya, akuya ma ba ta amince da ni ba."

Ta ce, "Na sani. Babu wani."

Na naɗa igiya a ƙugu, na juya baya. Gabana dutse na ci da wuta, toka na zuba mini a ka, bayana ƙafafun mutane na hawa. Tun ba a yi nisa ba na ji ta fara saki, don kowace ƙafa ta taka sai in ga gishiri na watsewa. Na gyara tsayuwa kamar zan tayar da salla. Na ce, ya Ubangiji, ga shi nan, naka ne, ni dai hannu ne. Na ce wa abin da ke ƙirjina, zauna nan, na gan ka. Ya zauna, bai tafi ba, amma igiyar ta ɗan miƙe.

Aka yi ta hayewa. Na ji kukan yara, na ji tsofaffi na kiran sunayen allolinsu, na ji kofaton shanu. Ban san ko su wane ne ba, kuma rashin sanin ya zame mini sauƙi. Sai wasu ƙafafu suka zo daidai kafaɗata suka tsaya. Ta gefen ido na ga bakin farin zane.

"Baƙo." Malati ce, kuma ranar ta fara yi mini magana. "Na san bayanka. Shi nake gani kullum in ka ajiye itace." Jaririn ya yi tari. "Ban yafe maka ba. Ban san ko zan iya ba. Ɗan Haridasa na goye a bayana, shi kaɗai ya rage masa a duniya. Yanzu zan hau."

Al'adar garinsu ta karya da ta yi maganar nan, kuma har yau ban san ko don ta hukunta ni ta yi ba, ko don ta ga ya kamata in sani. Na ji takunta ya hau.

Ya ku mutanen zaure, na raɓi mesa, na ga teku ta haɗiye jirgi da mutanensa, amma ban taɓa shiga abin da ya kai wannan ba. Duk gaɓar jikina so take ta juya. Tsoro ya zo ya ce dubi ko ta kai. Nadama ta ce kai ne dai, za ka sake. Har wani ɗan kwaɗayi ya leƙo ya ce in ta haye lafiya wataƙila ta yafe maka. Na ba kowa wuri ya zauna. Hawaye na zuba suna wanke mini toka a fuska, ban hana su ba, hannuna dai na wurin aikinsa. Na bi numfashina, ina jin takunta na nisa a cikin igiyar, yana gauraya da na waɗanda suka hau bayanta, har na kasa rarrabewa.

Sai dutsen ya yi wata irin tsawa, ya watso duwatsu masu wuta, suka wuce ta kanmu suka nufi kwazazzabo. Gadar ta girgiza, ba daga hannuna ba. Na ji ihu ɗaya, muryar mace, ya tashi daga tsakiya ya yi ƙasa, ya yi ta nisa har ya ɓace.

Wuyana ya fara juyawa da kansa. Amma akwai sauran taku a kan gada, da yawa, masu sauri da masu ɗingishi, duk ina jin su a tafin hannuna. Na dawo da shi. Na kafa ido a ƙasa, na riƙe.

Ban san iya abin da muka ɗauka a haka ba. Gashin kaina ya fara ƙauri, igiya ta cinye mini fatar hannu. Can, ta cikin rugugin, ƙararrawa ta kaɗa. Kaberi ta ce, "Ku saki." Muka saki. Sannan na juya. Ba gada, ba bishiya, ba tsallake, hayaƙi ne kawai ya cika kwazazzabon har sama.

Na goya Kaberi, ba ta fi damin kaba nauyi ba, muka bi 'yar hanyar nan muka gangara da sauran masu riƙo, wuta na bin mu. Sai da muka kai inda ake iya numfashi na sauke ta a gindin wani dutse.

Na ce, "Iya, kin ji ihun?"

Ta ce, "Na ji."

"Muryar wa ce?"

"Ni ma baya na ba ta, ɗana."

"Ba wata hanya zuwa Manikara? Ko ta tafiyar shekaru ce, in je in gani da idona."

Ta girgiza kai. Ta kamo hannuwana ta juya su, ta dubi inda igiya ta ci. Ta ce, "Sun yi rawa?"

Na ce, "A'a."

Ta sake su.

Na zauna da 'yan mutanen da suka rage har Kaberi ta cika, suka yi mata yadda suke wa nasu, sannan na kamo hanyar gida hannu rabbana, ba yakutu, ba Barmo. Nan hikayata ta kai gaɓa, Allah kuwa ya fi kowa sanin abin da ke bayan hayaƙi. Na ga bakinku na motsi, kuma na san tambayar, don duk zauren da na ba da labarin nan sai an yi mini ita. Mata da yawa ne suka hau gadar a ranar. Wataƙila Malati na can ta tsufa, ɗan Haridasa ya zama magidanci. Wataƙila kuma ita ce. Na so in ce muku ta haye, ku tashi da farin ciki, ni ma in samu sauƙi. Amma iyakar abin da na sani shi ne na ji ihu, akwai mutane a kan gada, ban waiwaya ba.